Dogon Hutu a Zanzibar da Iyali: Jagora Daga Neman Biza Har Zuwa Bakin Teku

Dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ya faɗo daidai lokacin da Zanzibar ta fi daɗin zama. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga Maris take zuwa Mayu, ƙaramar kuma a Nuwamba da Disamba. Tsakanin Yuni da Oktoba gari a bushe yake, iska mai ɗan sanyi tana kaɗowa daga kudu, zafi bai cika wuce digiri 30 ba. Ga magidancin da ya daɗe yana tara kuɗi don ya kai iyalinsa su ga teku, da wuya a samu wurin da ya fi nan dacewa da mu. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Za ku ji kiran salla daga ɗakin otal, naman kasuwa yankan Musulmi ne, uwargida kuma za ta yi yawo da hijabinta babu mai juyowa ya kalle ta sau biyu.

Sai dai tafiyar tana da wuraren da ake tuntuɓe, kuma kusan duk tun daga gida ake yin tuntuɓen: wajen takardu, da wajen zaɓen gefen tsibirin da za a sauka. Wanda ya gyara waɗannan biyun ya yi rabin aiki. Sauran rabin kuwa sa ido ne a kan yara a bakin ruwa, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Mataki na farko: takardu, tun da sauran wata uku

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 26 ga Afrilu 1964, ko da yake tana da shugabanta da majalisarta. Don haka bizar Tanzaniya za ku nema. A nan ne mutanenmu da yawa ke shan mamaki. Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an cika takarda ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, a jira a tantance mutum kafin a amince. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da sauran aƙalla wata biyu, kuma kada a biya kuɗin tikiti ko na masauki sai amincewa ta fito. Ku ɗauki wannan shawara da muhimmanci. Idan kuna son tashi a Agusta, a watan Mayu ya kamata a fara. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, kuma kowa da tasa, har jariri. Dokokin biza kan sauya, saboda haka ku karanta abin da ke shafin hukumar a ranar da za ku cika, kada ku dogara da labarin wani da ya je shekaru uku da suka wuce. Ku kuma lura da adireshin shafin, domin akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati da ke ninka kuɗi.

Kafin biza, fasfo. Kowane yaro sai da nasa, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, a lissafa daga ranar shiga ƙasar. Ku fito da fasfunan gidan duka yau ɗin nan ku duba kwanan wata, don na yara ne aka fi mantawa da su a cikin akwati har su mutu. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko za a tafi da ɗan ɗan'uwa, a riƙe takardar haihuwa da rubutaccen izinin mahaifi ɗauke da sa hannunsa da kwafin fasfonsa.

Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Wanda ya fito daga ƙasashenmu za a tambaye shi. Allurar tana fara aiki ne bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Ana yi wa yaro daga wata tara. A Najeriya ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke ba da katin. Ku je a yi allurar da gaske. Sayen kati ba tare da allura ba cutar kai ce da cutar 'ya'ya.

Akwai kuma sabon abu da tsofaffin matafiya ba su sani ba. Daga 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar dole ya sayi inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, yara kuma da rangwame, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. Ana saye ta intanet, a ba ku lamba da za a duba a filin jirgi. Ku buga komai a takarda, biza da inshora da shaidar otal da tikitin dawowa, ku sa a jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya. Waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da kuke gaban jami'i da yara uku suna kukan barci.

Mataki na biyu: wane gefen tsibiri?

Wannan ne matakin da hotunan otal ba za su gaya muku ba.

Babban tsibirin, Unguja, shi ne abin da mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar. Ɗan'uwansa Pemba yana arewa, kuma ba can masu ƙananan yara suka fi zuwa ba. Tekun da ke kewaye da Unguja yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana. A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani da Bwejuu da Kiwengwa da Matemwe, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma shingen duwatsun murjani can nesa. Idan ruwa ya janye a nan, yakan yi nisan da sai mutum ya yi doguwar tafiya a ƙasa kafin ya kai inda zai jiƙa gwiwarsa. Iyali sun biya kuɗin otal na bakin teku, sun fito da ƙarfe goma na safe da kayan wanka, sai su tarar da fili fetal, ruwa ya tafi, sai bayan sa'o'i zai dawo. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangare, don haka ruwa ba ya nisa sosai, ana iya shiga kusan kowane lokaci.

Kada ku yi saurin cewa to arewa ta fi. Kowane gefe da mutanensa. Idan yaranku ƙanana ne, 'yan shekara biyu zuwa bakwai, kuma babu wanda ya iya iyo a gidan, ni gabas nake ba da shawara. Janyewar ruwan nan ita ce abin da yara za su fi tunawa: ƙananan tafkuna da ruwa bai wuce idon sawu ba, cike da ƙaguwa da ƙananan kifaye, ga matan ƙauye suna aikin gonakin ciyawar teku da suke ɗaurewa a igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa a Paje da Jambiani. Gabas ta fi shiru, ta fi faɗi, masaukanta sun fi sauƙin kuɗi a yawancin lokaci. Aibinta a watannin Yuli da Agusta shi ne iskar kusi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas: tana da ƙarfi, tana turo ciyawar teku gaɓa, kuma tana jawo masu wasan tsere da laima a kan ruwa, musamman Paje. Masu yara su fi karkata Jambiani ko Pongwe ko Michamvi, inda hayaniya ba ta kai ta Paje ba.

Idan kuwa yaranku sun tasa, suna son su wuni cikin ruwa, arewa ce taku. Ruwan Kendwa a kwance yake, shuɗi garau, kuma daga nan ake ganin faɗuwar rana a cikin teku, abin da yawancin mutanen gabas ba sa samu sai fitowarta. Amma ku sani Nungwi da Kendwa su ne matattarar baƙi. Akwai cunkoso, akwai mashaya, akwai shigar da ba za ku so yara su yi ta kallo ba, kuma a Kendwa ana yin casu na dare duk lokacin da wata ya cika. Wanda ya zaɓi arewa ya nemi otal da ke can gefe, nesa da tsakiyar hada-hadar.

Lissafin cikar teku ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya saba duban wata. Ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 da 15. A wajen 7 da 22 ga wata bambancin kaɗan ne. Kowace rana kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Akwai jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet kyauta, otal-otal na gabas ma suna rubuta shi a allo kullum. Ku duba na kwanakin da za ku yi tun kafin ku biya kuɗi.

Mataki na uku: otal

Manyan otal-otal na bakin teku suna sayar da kwana iri uku: da karin kumallo kaɗai, da karin kumallo da abincin dare, ko kuma wanda komai da komai yana ciki. Na ukun yana da ban sha'awa a ido, amma wani kaso na kuɗinsa na giya ne da ba za ku sha ba. Ga yawancin iyalanmu na biyun ya fi riba: a ci da safe a ƙoshi, da rana a fita ƙauye a ci shinkafa da kifi da araha, da dare a dawo. Sai dai idan otal ɗin a keɓe yake, babu gidan abinci kusa, kuma yaran masu yawan cewa yunwa ne. A nan na ukun zai hutar da ku.

Kafin ku biya, ku rubuta musu saƙo ku yi tambayoyi, ku ajiye amsar. Suna karɓar yara? Akwai otal-otal da dama a tsibirin da manya kaɗai suke karɓa. Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki ɗaya? Galibi manya biyu ne da yaro ɗaya ko biyu, don haka mai 'ya'ya biyar sai ya kama ɗaki biyu, kuma ya nemi masu ƙofa a tsakani. Babban gida, ko wanda zai tafi da iyaye ko da mata fiye da ɗaya, ya duba gidajen haya na bakin teku masu ɗakuna uku ko huɗu da ɗakin girki. Sau da yawa sun fi ɗakunan otal uku sauƙi, kuma akwai sirri. Ku tambaya ko wurin iyo na otal yana da ɓangaren yara marar zurfi, ko akwai mai tsaron masu wanka, ko an yarda mace ta shiga da rigar iyo mai rufe jiki. Ku tambaya ko ana dafa naman alade a ɗakin girkinsu, da yadda suke raba tukwane, don manyan otal da ke hidimar Turawa wasunsu suna kawo shi. Ku tambayi gidan sauro da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Sannan harajin kwana: gwamnati tana karɓar 'yan daloli a kan kowane baƙo a kowane dare, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da kuka gani a intanet. Ga mutum shida a kwana bakwai, abin yana taruwa.

Wata shawara da nake so maigida ya ji da kyau. Idan kun kama gida mai ɗakin girki, ku ɗauki mai dafa abinci, yawancin gidajen suna da shi. Hutun da uwargida za ta wuni tana girki da wanki da bin yara, maigida yana kwance a inuwa da waya, ba hutu ba ne a wurinta, sauyin wurin aiki ne kawai. Ku raba lokutan kula da yara tun daga gida, a faɗa da baki, kowa ya san nasa.

Mataki na huɗu: jirgi, kuɗi da kaya

Bayan biza ta fito sai tikiti. Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Legas, haka daga Yamai da Njamena, a sauya jirgi a Addis Ababa zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Zanzibar. Kenya Airways yana bi ta Nairobi daga Legas. Da yara, abin dubawa shi ne tsawon jira a tsakiya: ƙasa da awa biyu akwai haɗarin jirgi ya tafi ya bar ku ko ya bar kayanku, fiye da shida kuma wahala ce. Addis Ababa tana kan tudu, akwai sanyi da dare, a sa wa kowane yaro rigar sanyi a jakar hannu.

Ana iya sauka a Dar es Salaam a shiga jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kusan awa biyu. Yana da daɗin kallo, amma a watannin kusi teku yana da tangaɗi, yara kan yi amai. Wanda zai bi nan ya sayi tikiti a ofishin kamfani da hannunsa, kada ya saurari masu tare mutane a bakin tasha, kuma ya zaɓi jirgin safe.

Kuɗin ƙasar shilin ne. Tun 2025 doka ta ce a riƙa sa farashi da biyan kuɗin kaya da hidima a cikin ƙasa da shilin, don haka ku canza abin da zai ishe ku a filin jirgi ko a cikin birni, inda canji ya fi na ƙauyukan bakin teku kyau. Dalolin da za ku riƙo su zama sababbin bugu, marasa yagewa ko rubutu, don masu canji suna ƙin tsofaffi. Ku tambayi bankinku ko katinku zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai cire, amma kada ya zama shi kaɗai ne madogara. Ku ware kashi ɗaya cikin goma na kasafin ku ajiye gefe, kada a taɓa shi sai larura.

Wajen haɗa kaya, ga abin da aka fi mantawa. Takalman roba masu rufe ƙafa na shiga ruwa, kowa da nasa, saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya tsakanin duwatsu. Wanda ya taka ta hutunsa ya ragu da kwana biyu. Rigar iyo mai rufe jiki ta uwargida da 'yan mata, a saya tun daga gida a gwada, don doguwar riga ko zane idan suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Man kariya daga rana, domin tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da hancin yara. Maganin sauro na shafawa, maganin zazzaɓi na yara, garin gishiri da sukari na gudawa, da duk maganin da wani ke sha kullum tare da takardar likita. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar amma bai ƙare ba. Ɗan yaji a ƙaramin gwangwani da garin kunu za su cece ku ranar da ƙaramin yaro ya ƙi abincin baƙunta. Kada ku zuba kaya a leda, an haramta ledoji a Tanzaniya tun Yuni 2019. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya. Mutanen Nijar da Chadi su riƙo abin haɗawa.

Mataki na biyar: kwana biyun farko a cikin birni

Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Ku shirya da otal su turo mota, a yi ciniki tun kafin ku sauka. Daga filin jirgi zuwa tsohon birni tafiyar kusan minti 20 ce, zuwa Paje kusan awa ɗaya, zuwa Nungwi kusan awa ɗaya da rabi. A hagu ake tuƙi, ku riƙe hannun yara wajen tsallaka titi don ido ya saba duban ɗaya gefen. Idan kuna sa lokaci da direba ku tabbatar kun fahimci juna, domin a lissafin Suwahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana: abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai a agogonku. Ku nuna masa a waya.

Abu na farko da za ku gyara a ɗaki shi ne alƙibla. Mu mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, don haka arewa ake kallo. Mafi yawan mutanen 'yan mazhabar Shafi'i ne, za ku ga ƙananan bambance-bambance a masallaci, kada su dame ku.

Ina ba da shawarar a fara da kwana biyu a tsohon birni, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, kafin a wuce bakin teku. Idan yara suka fara ɗanɗana ruwa ba za su yarda a dawo da su kallon gine-gine ba. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa kamar na cikin birnin Kano suke, mota ba ta shiga, sai ƙafa da babur, ga manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Ku ɗauki ɗan jagora mai lasisi na rabin yini. Zai nuna muku tsohuwar ganuwar Omanawa, da fadar Beit al-Ajaib da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disamba 2020, da kasuwar Darajani. Zai kuma kai ku inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da yanzu cocin Angilika yake tsaye. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da abin tunawa da mutanen da aka sayar. Yaran da suka kai shekara goma ya kamata su gani, a zauna a yi musu bayani a natse. Ƙanana a bar su waje da babba.

Bayan magariba ku je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda masu abinci ke baje tebura. Ku sayi abin da aka gasa a gabanku, ku tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, ku bar kifi da jatan landen da suka daɗe a jere. Ruwan rake da citta da lemun tsami ba ya ba da kunya. Wajen ciniki kunnenku zai taimake ku, domin ishirini da arobaini da hamsini da sitini duk kun san su. Ku koya wa yara su gaida manya da shikamoo, za a amsa musu da marahaba, za ku ga yadda fuskar dattijo ke sakewa.

Mataki na shida: ruwa da yara

Yawancin yaranmu, da mu kanmu iyayen, ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ko dam ya koya. Teku daban ne. Yana ja, yana da ramuka, kuma idan ya juyo cika a gabas yana shigowa da saurin da ba a zato, ya fara cike kwaruruwan da ke bayanka kafin ka lura. Duk wanda zai taka zuwa can cikin fili lokacin janyewa ya san ƙarfe nawa ruwa zai juyo, ya kama hanyar dawowa kafin lokacin.

Ku sa doka tun ranar farko, a gaban kowa: babu yaron da zai taɓa ruwa, na teku ko na otal, sai da babba ɗaya da aka ambaci sunansa a matsayin mai tsaro. Mai tsaron nan ba ya riƙe waya, ba ya ɗaukar hoto, ba ya hira. Idan zai tashi sai ya miƙa wa wani da baki, wancan ya amsa. Dalili shi ne yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a talabijin. Shiru yake yi, cikin ƙanƙanin lokaci, sau da yawa manya suna kusa kowa yana zaton ɗayan yana kallo. Yaron da bai kai shekara biyar ba ya kasance inda hannu zai kai gare shi. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba kayan wasa ne, iska tana iya tura su cikin teku da yaron a kai. Kada kuma a ɗora wa yayarsu 'yar shekara goma sha biyu wannan nauyi. Yawancin gaɓar tsibirin babu masu ceto.

Idan ruwa ya ja babba zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta da baya ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga jan. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa in bai iya ba. Ya yi kururuwa, ya jefa abin da ke tasowa a kan ruwa.

Haka batun kwale-kwale. Za a yi ta tallata muku fita: zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru da aka kawo daga Seshels a 1919, zuwa tudun rairayi na Nakupenda, zuwa kewayen Mnemba kallon kifi, zuwa Kizimkazi neman kifin dolfin. Kafin ku biya ku ce a nuna muku rigunan ceto, har da masu girman yara, ku ƙirga su. Idan babu, ko jirgin ya cika fiye da kima, ko iska ta tashi, ku fasa ko da kun ba da kafin alƙalami. Mutanen tsibirin ba su manta da jiragen fasinja biyu da suka nutse a 2011 da 2012 ba, kuma matuƙin kirki ba zai ji haushin tambayarku ba. Da ƙananan yara Changuu ta wadatar, tafiyar kusan rabin awa ce daga birni, a je da safe kafin teku ya tashi. Fitar dolfin ku bar ta, ana tashi da asuba, ana gudu a ruwa mai zurfi, ana kuma takura wa dabbobin.

Daga ƙarfe 11 zuwa 3 na rana a koma inuwa. A ci abinci, a yi azahar, a yi ƙailula. Ruwan kwalba za a sha, har wajen wanke bakin ƙanana.

Sauran kwanakin

Kada ku cika jadawali. Fita ɗaya a kwana biyu ta isa. Dajin Jozani yana kan hanyar Paje, a nan ake ganin jan birin da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar. Awa biyu sun isa, kada a ba su abinci, kada a matsa kusa. Gonakin kayan ƙamshi da ke wajen birni su ne fitar da uwargida za ta fi jin daɗi, don za ta ga kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi a jikin bishiyarsu, abubuwan da ta saba saye a ƙulle a kasuwa. Wanda ya sauka a kudu maso gabas ya leƙa tsohon masallacin Kizimkazi, mai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi da ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Akwai pilau da biriyani, wato shinkafa mai kayan ƙamshi, akwai ugali wanda tuwon masara ne, akwai mishkaki wato tsire, da gasasshen kifi da miyar kwakwa, da wainar ƙwai da dankali da yara ke so. A bakin teku masu talla za su yi ta zuwa da zannuwan kanga da sarƙoƙi da tayin yawo. Hapana, asante, wato a'a, na gode, da murmushi ta isa, kada a yi musu tsawa, neman abinci suke. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, musamman matan da ke aiki a gonakin ruwa. Kada yara su kwaso murjani ko manyan bawon kifi don tsaraba, ana iya karɓewa a filin jirgi.

Tsaraba a kasuwar Darajani ta fi araha, don haka ku bar mata rabin yinin ƙarshe da kilo biyu ko uku a kowane akwati. Ku tabbatar da lokacin tashin jirgi kwana ɗaya kafin ranar, ku biya harajin otal tun da dare, kuma idan daga Nungwi ko Jambiani za ku taso, ku bar masauki da sauran awa biyar.